Babur ɗin da aka gyara alhali lafiyarsa ƙalau

Babur ɗin ɗan Japan ne, silinda biyu, cc ɗinsa ya kusa 700, injekta ne ba kafireto ba, kuma da ruwa yake huce inji, wato yana da lagireto a gaba da 'yar fanka maƙale a bayansa. A Amurka aka fara hawansa kafin a shigo da shi ta Kwatano, ku riƙe wannan don rabin rigimar daga nan ta taso. Mai shi matashi ne ɗan kasuwa a Kwari, tun tasowarsa Jincheng ya hau sannan ya koma Boxer, duka biyun kuma iska kawai suke sha, ba ruwa ba fanka ba wata lamba da za ta fito a dashbod ta tayar maka da hankali. Wannan ne babban babur ɗinsa na farko.

A tsakiyar hunturu ya saye shi, kuma duk tsawon sanyin nan bai taɓa jin fankar ta tashi ba. Bai damu ba sai da zafi ya fara shigowa wajen Maris. Wata rana da yamma goslo ya riƙe shi a hanyar Katsina wajen Kurna, tirela a gaba, adaidaita hagu da dama, ba inda zai kurɗa, ya duba dashbod ya ga lamba tana ta hawa, 200, 205, 210, har ta taɓa 215, ya leƙa ƙasa fanka shiru. Toh mutumin da tun firamare aka gaya masa ruwa a digiri 100 yake tafasa ya ga 215 ai dole cikinsa ya ɗuri ruwa. Ya kashe babur ya tura shi gefe, da ya sake murɗa makulli ya duba sai ya ga lambar ma ta ƙaru zuwa 218 bayan injin a kashe yake, nan fa ya ce shikenan an sayar masa da gawa.

Ba abin da ya samu babur ɗin a ranar. Dashbod ɗin da ma'aunin Amurkawa yake ƙirga, Faranhait, wanda a cikinsa 212 ne daidai da digiri 100 namu na Salshiyos. Kenan 215 ɗin da ta firgita shi bai fi 102 ba. Ita kuwa fankar wannan babur an saita ta ne ta tashi a 105, wato 221 a dashbod ɗinsa, saura kaɗan ta tashi ya kashe. Ƙarin da ya gani bayan ya kashe shi ma ba ciwo ba ne, famfon ruwa da inji yake juyawa, da inji ya tsaya ruwa ya tsaya cak a cikin kan silinda yana ta shan zafin ƙarfe ba mai kai shi lagireto, lamba takan ɗan hau na ɗan lokaci kafin ta fara sauka. Kowane babur mai ruwa yana yin haka.

Kusan duk wanda ya sayi irin wannan babur tambayarsa ɗaya, yaushe ya kamata fanka ta tashi? Amsar dai ita ce sai ruwan ya kai adadin da kamfani ya saita, kuma adadin ya fi yadda mutane suke zato. Mafi yawan babura tsakanin digiri 95 da 105 ne, wasu ma su ɗan haura haka, ta yi ta juyawa har zafin ya sauka da kamar digiri 5 sai ta mutu da kanta, in kana tsaye kuma ya sake hawa ta sake tashi. Ainihin lambar naka tana cikin littafin gyaran babur ɗin. Kana tafe a titi kuwa ba ta da aikin yi, da ka kai kamar kilomita 40 a awa iskar da ke dukan lagireto ta fi duk abin da 'yar fankar nan za ta iya jawowa. An yi ta ne don goslo da danja da tsayuwa a silo, wato inji yana aiki babur a tsaye. Mutum zai iya tashi daga Kano ya je Zariya ya dawo da sanyin safiya fankarsa ba ta motsa ba, kuma lafiyarta lau.

Bakaniken da ya samu a bakin titi ba mugu ba ne, in Boxer ce ko Jincheng ido rufe zai kwance ya ɗaura, amma shi ma da ya ga 218 sai ya ce, "Alhaji ai Allah ne ya taimake ka, injin nan saura ƙiris ya buga." Ya yanke wayoyin fanka a bayan soket, ya jawo wata waya daga layin makulli ya haɗa ya naɗe da salatif, yanzu da an murɗa ki fanka ta tashi ba ta tsayawa sai an kashe, abin da muke cewa dairek. Bai tsaya nan ba ya buɗe gidan tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa kada ya tafi lagireto har inji ya yi ɗumi, ya zare shi ya miƙa masa a leda, ya ce wannan na ƙasar Turawa ne masu ƙanƙara, mu nan zafi ya ishe mu. Garin haka kulant ɗin da babur ya zo da shi, wato ruwan sanyaya inji mai haɗe da magani, duk ya tsiyaye a ƙasa, aka sayi jarkar ɗan garuwa aka cika. Wannan al'ada daga garejin motoci ta samo asali, duk wanda ya taɓa kai tsohuwar mota da obahitin, wato zafin inji ya yi yawa, a Kano ko Kaduna ya san an taɓa ce masa a yi wa fanka dairek a cire tamostat.

Da farko Alhaji har godiya ya koma yi, don lamba ta daina wuce 170 a cikin gari, in ya hau titi da asuba ma sai ta zauna wajen 140. Shi a ganinsa an samu lafiya. Sai abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda ya danganta su da fanka. Da safe sitata ta fara ja da ƙyar, wata rana ma sai da yaran layi suka tura shi. Mai ya fara gudu, tankin da yake kai shi mako ya daina kaiwa. Silo ya zama ba daidai ba, salansa tana warin ɗanyen fetur. Sannan fankar ta fara wani kuka ƙiii ƙiii, daga baya kukan ya ɗauke, shi kuma ya ɗauka ta gyaru ne.

A watan Afrilu abin ya fashe, lokacin da zafin Kano yake kai 40 har ya wuce. Goslo ne kuma, da rana tsaka, lamba ta hau ta kai 208 sai ya ji ƙafarsa ta jiƙe, ruwa ne yake feshi ta tiyon tankin ajiya yana tururi. Ku lura da lambar fa, 208, ba ta ma kai 215 ɗin da ta sa shi neman bakanike tun farko ba, amma a wancan karon ko ɗigo bai zubar ba, yanzu kuwa tafasa yake. Kafin ya samu gefen da zai tsaya lamba ta yi tsalle jar fitila ta kama. A bayan a-kori-kura aka kawo mana shi gareji.

Abu na farko da na hana yara shi ne taɓa murfin lagireto. Inji da zafi ba a buɗe murfin nan, ruwan ciki a matse yake, kana sassautawa zai taso maka a fuska da hannu, kuma ƙunar tururi ba wasa ba ce. Muka bar shi a inuwa ya huce sosai har mutum zai iya riƙe tiyo da hannu, muna jira ina yi masa tambayoyi, a nan ya zaro ledar tamostat daga aljihun jaket ya ce, "Oga ga wannan ma, wancan ya ce ba shi da amfani." Da na ga ledar da salatif ɗin da ke leƙowa ta ƙarƙashin tanki na san inda aka dosa.

Amma kafin a yi maganar fanka sai an tabbatar injin ya tsira, don in gaskit ɗin kai ya ƙone duk sauran aikin ɓata lokaci ne. Muka duba baƙin mai ta gilashin gefe, bai yi fari-fari ba, ba alamar ruwa ya shiga, sai dai yana warin fetur kuma ya tsinke. Muka cika ruwa muka tayar da shi na ɗan lokaci murfi a buɗe muna kallon wuyan lagireto, in gaskit ya tafi za ka ga kumfa tana ta ɓulɓulowa ba ƙaƙƙautawa musamman in an ɗan murɗa totur, nan ba mu gani ba. Salansa ba farin hayaƙi. Fulogi biyun duk sun yi baƙi ƙirin da toka amma ba jiƙa. Na ce masa, "Alhaji ka yi sadaka, da ka ƙara ko zagaye ɗaya da jar fitilar nan da yanzu maganar buɗe inji muke."

Fankar muka ciro muka ba ta wuta kai tsaye daga batir mai kyau, ko motsi. Da hannu tana juyawa amma da ƙyar tana gurza. Muka buɗe motar ciki, burushin kabon ɗin sun cinye saura ɗan guntu, ga ƙura ta cushe ko'ina. 'Yar ƙaramar mota ce da aka ƙera don ta yi minti ɗaya ko biyu ta huta, an mayar da ita mai aikin yini a cikin ƙurar Kano, ai ba za ta kai labari ba. Kuma da yake an yanke ta daga layinta na asali, ranar da ta mutu ba fiyus ɗin da ya ƙone ba fitilar da ta kama, shiru kawai. Wayar da aka jawo ma siririya ce, robarta ta fara narkewa a inda ta goga da firam, dab da tiyon fetur. Wannan kam ya fi ba ni tsoro a kan duk sauran.

Batun batir kuma lissafi ne mai sauƙi. Baburan da aka yi wa kasuwar Amurka fitilar gaba a kunne take muddin inji yana aiki, ba suwic ɗin kashewa. Ga famfon fetur, ga birenbos wato kwamfutar inji, ga fitilar birki da kake dannawa a goslo, sannan aka ɗora fanka mai jan amfiya huɗu ko biyar ba hutu. A silo kuwa koil ɗin caji ba ya bayar da wuta da yawa, sai inji ya ɗau gudu. Mutumin da zirga-zirgarsa daga gida zuwa Kwari ce cikin cunkoso kullum batir ɗinsa bayarwa yake fiye da abin da yake karɓa. Batir mai lafiya in ya huta wajen bolt 12.6 ake so a gani, nasa bai kai 12 ba. Da muka gwada caji da wani batir ɗin kuwa 14 da ɗoriya muka gani, wato koil da rektifaya ba ruwansu.

Daga nan muka warware salatif muka mayar da wayoyin asali don mu gani ko tun farko akwai wani abu da ya hana fankar tashi. A irin wannan babur mai injekta, sensa ce a jikin inji take gaya wa birenbos zafin ruwa, birenbos ya kunna rile, wato ɗan suwic mai aiki da wuta, rile ya ba fanka wuta ta cikin fiyus. Fiyus lafiya. Rile muka ba shi wuta ya yi ƙas, mita ta nuna yana haɗawa. Sensar muka ciro muka rataya ta a tukunya da ma'aunin zafi muna ɗumamawa a hankali mita a kan om, wato ma'aunin yadda abu yake tare wuta, irin wannan sensa yadda zafi yake hawa haka om ɗinta yake sauka, a littattafan Suzuki da yawa za ka ga kusan kilo-om 2.45 a digiri 20, ya sauko kusan 0.3 a digiri 80, kuma na sauran baburan Japan da dama ba su yi nisa da haka ba. Tasa ta sauka sumul ba tsalle ba yankewa. Muka saka ƙwan fitila a soket ɗin fanka muka zare soket ɗin sensa, fitilar gargaɗi ta kama a dashbod ƙwan ma ya kama, don wasu birenbos in sun rasa labarin sensa sai su kunna fanka kawai don kariya. Layin gaba ɗaya lafiyarsa ƙalau tun ranar da aka yanke shi.

Wanda babur ɗinsa tsoho ne mai kafireto tsarin ya ɗan bambanta, can wani suwic ne ɗaure a jikin lagireto shi yake haɗa wuta da kansa in ruwa ya kai adadinsa. Gwajinsa ma ya fi sauƙi, ka zare soket ka haɗa wayoyin biyu, ko ka taɓa wayar da bodi in guda ɗaya ce, makulli a kunne, in fanka ta tashi toh fanka da fiyus lafiya, zargi ya koma kan suwic ɗin. Sai dai in za ka gwada shi a tukunya kada ka yi da ruwa, da baƙin mai ake yi, saboda ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba zai taɓa kaiwa 105 ba, za ka yi ta jira ka ce suwic ya mutu ka jefar da mai kyau. Kuma irin wannan suwic in ruwa ya ragu a lagireto ya bar shi a cikin iska ba zai ji zafin ba, inji yana ƙuna fanka tana barci. Shi ya sa duk wanda ya ce min fankarsa ba ta tashi, ruwa nake fara dubawa kafin waya.

Yanzu sai maganar 208, me ya sa ya tafasa a nan. Murfin lagireto ba murfi kawai ba ne, akwai sifirin da roba a cikinsa da suke matse ruwan, a kan nasa an buga 1.1, wato sai matsin ya kai bar 1.1, bar kuwa ma'aunin matsi ne, sannan ya buɗe ya saki rara zuwa tankin ajiya. Ruwa in an matse shi ba ya tafasa a 100. Zallan ruwa a ƙarƙashin wannan matsin sai ya wuce 120, in kuma rabi ruwa ne rabi kulant sai ya ƙara gaba. Da wannan kamfani ya dogara ya bar fanka sai 105, akwai tazara mai yawa tsakaninta da tafasa, jar fitilar ma a yawancin babura sai wajen 115 zuwa 120 take kamawa. Murfin Alhaji da na juya shi robar ta tsage a gefe, ga tsatsa da wani farin gari sun taru a mazauninsa, ba ya riƙe komai. Ba matsi, ba kulant, zallan ruwan garuwa, ga shi Kano tana kan tudu kusan mita 480 daga teku inda ruwa a buɗe yake tafasa wajen 98. Digiri 98 kuwa shi ne 208 a dashbod ɗinsa, lissafin ya fita cif. Wanda yake Jos abin ya fi haka ma, can wajen 96 ne. Ko da fankar tana kan layinta na asali a ranar, ruwan zai riga ta, zai tafasa tun ba a kai inda za ta tashi ba. Kuma da ya fara tafasa famfo tururi yake bugawa ba ruwa ba, shi ya sa lamba take tsalle lokaci guda.

Ruwan garuwar nan shi ma ya yi nasa aikin. Ruwan rijiya da na bohol suna ɗauke da gishiri-gishirin ƙasa, in ana dafa su kullum sai ya kwanta a jikin ƙarfe, irin farin nan da kake gani a gindin butar mai shayi. Hanyoyin cikin lagireton babur sirara ne ƙwarai, kaɗan ya isa ya rage musu faɗi, ga injin alminiyam ne, ba maganin tsatsa a zallan ruwa. Abin da muka tsiyayo daga ciki ja-ja ne da laka. Ta waje kuma ƙurar hunturu da ƙwari sun toshe kusan rabin ƙasan lagireton, wani ɓangaren ma masu wankin mota sun kwantar da fikafikan da injin feshinsu mai ƙarfi. Muka wanke ta baya zuwa gaba da ruwa mara ƙarfi, wani yarona mai haƙuri ya zauna da siririn sukundireba yana miƙe fikafikan ɗaya bayan ɗaya har la'asar.

Tamostat ɗin da ke leda muka jefa a ruwan zafi, wajen 80 da 'yan kai ya fara buɗe baki, da ya huce ya rufe, lafiyayye. A kan wannan ne muka ɗan yi musu, don shi Alhaji maganar ƙasar Turawa ta zauna masa. Na ce masa tamostat ba ya ƙara wa inji zafi a sama, da ruwa ya kai adadinsa a buɗe yake gaba ɗaya, ko kana Sakkwato a watan Afrilu ba abin da yake tarewa. Aikinsa a ƙasa yake, ya hana inji zama da sanyi. Inji mai injekta in sensa ta ce masa har yanzu 60 ake, birenbos ɗauka yake ba a gama ɗumi ba ya yi ta ƙara fetur, ga shan man da kake kuka da shi, ga baƙin fulogi, ga fetur ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa ta gefen fistin ya tsinka baƙin mai. A wasu injinan ma in ka cire shi wani kason ruwan sai ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya ba tare da ya bi lagireto ba. Kuma wa ya ce ba ma sanyi? Asubar Janairu a Kano takan sauko 13, 14, ka hau titi da gudu a haka ba tamostat ka ga ko injin zai yi ɗumi. Garin neman gira aka rasa ido kenan. Ya yi shiru sannan ya ce, "Toh Oga a mayar."

Fanka ta hannu muka samo wadda ta dace da mazaunin, don sabuwa sai an yi oda. Wayoyin da aka yanke muka yi musu dalma muka rufe da robar da ake ƙonawa ta kama, ba murɗe da salatif ba. Tamostat ya koma da sabuwar roba, sabon murfi mai 1.1 irin na asali, kada a saka na mota don kawai ya shiga, a duba lambar. Muka wanke ciki har ruwa ya fito fes, sannan kulant rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, mara asid ɗin fa, kada wani ya je ya zuba asid a lagireto ya ce ni na ce. Duka-duka abin da babur ɗin yake ci bai kai lita 2 ba, ba wani kuɗi ne da zai sa a koma ruwan garuwa ba. A nemi wanda aka rubuta ya dace da injin alminiyam, kala kuma ba hujja ba ce, akwai koren ruwa a kasuwa da ba komai a cikinsa sai kalar. Tsohon da aka tsiyaye a kawar da shi nesa da yara da awaki da kyanwa, yana da ɗan zaƙi-zaƙi kuma guba ne.

Cikawar ma da dabara. A hankali ake zubawa, a karkata babur hagu da dama, a riƙa matsa tiyo da hannu har kumfa ta daina fitowa, a tayar da shi murfi a buɗe ya ɗan yi ɗumi ruwa ya faɗa a ƙara, sannan a rufe, tankin ajiya kuma a tsayar da shi tsakanin layi biyun nan ba a cika shi fal ba. Iskar da ta maƙale a ciki ita kaɗai ta isa ta sa lamba ta riƙa hawa da sauka ba dalili.

Gwajin ƙarshe na ce sai yana tsaye a gun. Kafin nan muka danna maɓallan dashbod muka mayar da shi Salshiyos. Aka tayar da babur a silo a inuwa, na sa ya ɗora hannu a tiyon sama, sanyi, sanyi, lamba na wuce 80 da kaɗan sai ya janye hannu da sauri, na ce tamostat ɗinka ne ya buɗe. Lamba ta ɗan tsaya a nan kamar ba za ta tafi ba, sannan ta ci gaba, 90, 95, 99. Da ta nuna 100 ya kalle ni. 102, 103, ya kai hannu wajen makulli ya ce, "Oga a kashe mana, wallahi ban yarda ba." Na riƙe hannun na ce, "Alhaji in ya ƙone ni zan biya." Yara duk sun bar aiki sun zagaye mu. 104 ta daɗe, tana komawa 105 sai ga ƙas na rile fanka ta ɗauka fuuu, iska mai zafi ta bugo mana ƙafa, lamba ta tsaya, 104, 102, tana isa 100 fanka ta yi shiru. Muka bar shi ya sake zagayowa haka a gabansa, ƙasa a bushe ba ɗigo ɗaya, ruwan tankin ajiya ya ɗan hau kaɗan kamar yadda ya kamata, in ya huce zai tsotse abinsa.

Abin da na gaya masa ya riƙa lura da shi kaɗan ne. In yana tsaye lamba ta wuce 105 ta kama hanyar 110 fanka shiru, ya kashe, wannan matsalar fanka ce ko fiyus ko rile. In fanka tana juyawa amma lamba ba ta sauka, ba laifinta ba ne, a duba ruwa da murfi da toshewar lagireto. In kuma yana gudu a buɗaɗɗen titi ya ga zafi yana hawa har fanka tana tashi, toh wannan ya fi kowanne muni, ruwa ne ba ya zagayawa, ko famfo ko tamostat ya maƙale a rufe, ya tsaya kawai.

Ya so a saka masa ɗan suwic a hannu da zai riƙa kunna fankar da kansa in ya shiga goslo. Ana yi, kuma in an haɗa shi a gefe ta cikin rile da fiyus ba tare da an yanke layin asali ba ba na cewa haramun ne, amma na san halin mutanenmu, zai kunna a 90 ya manta da ita har gida, a dawo gidan jiya. Ba mu saka ba. Baƙin mai da filta muka canza saboda fetur ɗin da ya shiga, fulogi muka wanke suka koma. Batir ɗin ne dai muka yi ta caji ya ƙi riƙewa, sabo ya saya.